Ƙarancin guraben bincike na barazana ga shirin kare namun daji a Afirka

A daidai lokacin da ƙasashen duniya ke fafutukar cika alkawarin killace kashi 30 cikin ɗari na doron ƙasa da teku domin kare halittu kafin shekarar 2030, kuɗaɗen da ake ɗaukar matasan masana aikin bincike da su sun fara janyewa, kuma nahiyar Afirka ce lamarin ya fi shafa.

An ɗauki wannan alkawari ne a birnin Montreal na ƙasar Kanada a watan Disamban 2022, a wani taro na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙasashe kusan 200 suka halarta. A taron, ƙasashe masu arziki sun amince za su riƙa bai wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 20 a shekara zuwa 2025, sannan dala biliyan 30 a shekara zuwa 2030.

Sai dai shata iyakar gandun daji a kan taswira shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Kafin a ce an kare daji, sai an san dabbobin da ke cikinsa, da yawansu, da inda suke shan ruwa da rani, da kuma yadda sauyin yanayi ke tilasta musu ƙaura. Wannan kuwa aiki ne na ƙwararru.

Rahoton da asusun kula da namun daji na duniya, WWF, ya fitar a shekarar 2024 ya ce a tsakanin 1970 da 2020, garkunan dabbobin da ake bibiya a duniya sun ragu da kashi 73 cikin ɗari a bisa matsakaicin lissafi. A Afirka raguwar ta kai kashi 76 cikin ɗari.

Matakin da ya ɓace

A jami'o'in Turai da Amurka, wanda ya kammala digirin digirgir a fannin kimiyyar halittu da wuya ya sami kujerar dindindin nan take. Yakan fara ne da wani aikin bincike na wucin gadi, na shekara ɗaya zuwa uku, a ƙarƙashin wani babban malami.

A wannan lokaci akan rage masa nauyin koyarwa, a ba shi albashi da kayan aiki. A nan ne yake wallafa sakamakon bincikensa, yake koyon yadda ake neman tallafi, yake kuma koyon jagorantar ayarin masu bincike. Galibin aikin da ake yi a manyan ɗakunan bincike na duniya, irin waɗannan matasa ne ke ɗauke da shi.

Kayan aikin nasu ma sun sauya. A yau ana ɗaura wa giwa ko zaki wata na'ura a wuya da ke aika bayanin inda take ta tauraron ɗan Adam. Ana kafa kyamarori a jikin bishiyoyi masu ɗaukar hoto da kansu idan dabba ta gifta. Ana gane irin dabbobin da ke wani yanki ta hanyar gwajin ƙwayoyin gado a kashinsu ko a ruwan da suka sha. Ana kuma amfani da kwamfuta wajen hasashen inda wata dabba za ta iya rayuwa idan zafi ya ƙaru ko ruwan sama ya ragu.

A akasarin jami'o'in Afirka ta Yamma babu wannan mataki. Wanda ya dawo da digirinsa yakan tarar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai na jiransa, ga tarin takardun jarrabawa, ga ayyukan ofis. Babu motar shiga daji, babu kuɗin mai, wani lokaci babu wutar da za ta riƙe firjin ajiye samfuri. Shekaru kaɗan, ilimin da aka kashe kuɗi mai yawa wajen nemansa sai ya fara tsufa a hannunsa.

Alƙaluman hukumar UNESCO sun nuna cewa a ƙasashen Afirka kudu da hamadar Sahara, masu bincike kimanin ɗari ne a cikin kowane mutum miliyan ɗaya, alhali matsakaicin duniya ya haura dubu ɗaya.

Darasin tsuntsaye

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan ana sa ido a wani ɓangare na duniya, ba a sa wa a wani.

A bazarar 1969, masu ƙirga tsuntsaye a Birtaniya sun lura cewa wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke zuwa ƙasar kowace shekara domin yin sheƙa, bai dawo kamar yadda ya saba ba. Fiye da kashi biyu cikin uku sun ɓace a shekara guda.

An gane hakan ne nan da nan saboda tun farkon shekarun 1960 ake gudanar da ƙidayar tsuntsaye duk shekara a ƙasar. Amma sai da aka ɗauki shekaru kafin a tabbatar da musabbabin lamarin, wato ƙarancin ruwan sama a yankin Sahel, inda tsuntsun ke yin hunturu. Farin da ya kashe tsuntsayen shi ne daga bisani ya tsananta ya hallaka mutane da dabbobi a Nijar da Mali da Chadi da arewacin Najeriya a farkon shekarun 1970.

Misali na biyu shi ne na ungulu. A shekarun 1990 ungulayen Indiya da Pakistan suka riƙa mutuwa, har wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari. Sai a shekarar 2004 masu bincike suka gano cewa wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa, mai suna diclofenac, shi ke lalata ƙodar tsuntsun idan ya ci mushe. Indiya ta haramta bai wa dabbobi maganin a 2006.

Wani bincike da wasu masana tattalin arziki biyu suka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa ɓacewar ungulayen ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin rabin miliyan a Indiya a tsakanin 2000 da 2005, saboda mushen da ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, da kuma yawaitar karnuka masu yaɗa ciwon haukan kare.

A shekarar 2015, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya nau'o'in ungulu huɗu na Afirka a jerin halittun da ke dab da ƙarewa, ciki har da wadda aka saba gani a mahauta da kasuwannin ƙasar Hausa. Guba da cinikin sassan jikinta domin haɗa magungunan gargajiya na daga cikin dalilan. A garuruwa da dama da a da take cika bishiyoyin kusa da mahauta, yanzu da wuya a ga ko guda.

Inda guraben suke

Ba wai babu damar yin irin wannan bincike ba ne. Akwai, sai dai akasarinta tana arewacin duniya.

Tarayyar Turai na da shirin tallafi mai ɗauke da sunan masaniyar kimiyya Marie Curie, wanda ke ɗaukar masu digirin digirgir daga kowace ƙasa su yi bincike na shekara ɗaya zuwa biyu a wata cibiya a Turai. Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus na da shirin Georg Forster, wanda aka keɓe wa masana daga ƙasashe masu tasowa, na tsawon wata shida zuwa shekara biyu. A Birtaniya akwai shirin Newton na ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society. A Amurka kuwa akwai shirin David H. Smith, na shekara biyu, wanda aka keɓe kacokan ga binciken kare halittu, amma ya fi karkata ga matsalolin ita kanta Amurkar.

A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ce ke da tsari mai ƙarfi na ɗaukar irin waɗannan masu bincike, ta hanyar gidauniyar bincike ta ƙasa da manyan jami'o'inta kamar na Cape Town da Pretoria.

Gasar neman waɗannan gurabe tana da zafi, kuma ma'aunin da ake amfani da shi ya fi dacewa da wanda ya riga ya samu gata. Ana duba yawan maƙalun da mutum ya wallafa a manyan mujallu, da sunan malamin da ya horar da shi, da kuma wanda zai karɓe shi a can. Wasu mujallun na karɓar dubban daloli kafin su buga maƙala guda, kuɗin da ya zarce albashin watanni da yawa na malamin jami'a a Najeriya ko Nijar.

Wasu shirye-shiryen kuma suna da ƙa'idar cewa kada mai nema ya wuce wasu 'yan shekaru da kammala digirinsa. Na Tarayyar Turai, alal misali, ya iyakance shekara takwas na aikin bincike bayan digiri. Wanda ya dawo gida ya nutse a cikin koyarwa, yakan farga ne bayan takwarorinsa sun yi masa nisa.

Masu bayarwa sun fara janye hannu

A shekarar 2019, Royal Society da Cibiyar Masana Kimiyya ta Afirka da ke Nairobi suka ɗauki rukunin farko na wani shiri mai suna FLAIR. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne yana bai wa matashin masani kuɗin bincike na shekara biyu ya yi aikinsa a wata jami'a a cikin Afirka, ba tare da ya yi ƙaura ba.

Shirin bai yi tsawon rai ba. A 2021 gwamnatin Birtaniya ta rage kuɗin agajin da take bai wa ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, aka kuma dakatar da shi. A watan Fabrairun 2025 ta sake ba da sanarwar rage kason zuwa 0.3 cikin ɗari daga 2027, domin ƙara kasafin tsaro.

A Amurka, gwamnatin Shugaba Donald Trump ta rushe hukumar raya ƙasashe ta USAID a 2025. Sakataren harkokin wajen ƙasar, Marco Rubio, ya ce an soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryenta, aka kuma rufe ta a hukumance a farkon watan Yuli. Kafin rufe ta, hukumar ta kasance tana kashe ɗaruruwan miliyoyin dala a shekara kan kare halittu, ciki har da shirin kula da dazuzzukan yankin kogin Kongo da ta fara tun 1995. A shekarar ce kuma gidauniyar kimiyya ta ƙasar ta soke tallafin bincike fiye da dubu ɗaya.

Ga kuma batun biza. A watan Yunin 2025 Amurka ta hana 'yan ƙasashe 12 shiga ƙasarta, ciki har da Chadi da Sudan. A watan Disamba ta ƙara da Nijar da Mali da Burkina Faso, ta kuma taƙaita wa 'yan Najeriya wasu nau'o'in biza, ciki har da na ɗalibai da na musayar masana. A Birtaniya, tun watan Fabrairun 2024 aka ƙara kuɗin kiwon lafiya da baƙo mai zuwa aiki ke biya zuwa fam 1,035 a kowace shekara.

Wa'adin shekara biyu, aikin shekara talatin

Ko da kuɗin na nan, akwai wata matsalar da ke tattare da tsarin kansa. Gurbin binciken na shekara biyu ne, amma dabbobin ba sa bin kalandar masu ba da tallafi. Giwa kaɗai na ɗaukar ciki na wata 22.

Binciken da ya fi sauya fahimtar duniya game da namun dajin Afirka duk na dogon zango ne. Aikin da marigayiya Jane Goodall ta fara kan birai a dajin Gombe na ƙasar Tanzaniya ya soma ne a 1960. Na giwayen Amboseli a Kenya ya soma a 1972, kuma ya bi diddigin iyalan giwaye tun daga kakanni har jikoki.

A Jamhuriyar Nijar ma haka lamarin yake. A shekarar 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a yankin Koure, kudu maso gabashin Yamai, kuma su ne na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. Ƙidayar da aka riƙa yi shekara da shekaru, ana gane kowanne ta zanen fatarsa, tare da haɗin kan manoman yankin, ta taimaka har yawansu ya haura 600. A watan Nuwamban 2018 aka ɗauki takwas daga cikinsu zuwa gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi, domin kada a tara su duka wuri guda.

A Chadi, wata dabbar hamada dangin gwanki mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu, wadda aka ayyana a shekarar 2000 cewa ta ƙare a daji, an fara sake sakinta a gandun Wadi Rime a 2016 da tallafin Abu Dhabi. An ɗaura wa da yawa daga cikinsu na'urar bibiya, ana kula da haihuwarsu da mutuwarsu. A watan Disamban 2023 IUCN ta cire ta daga jerin waɗanda suka ƙare a daji.

'Yar uwarta da ake kira adaks ba ta yi wannan sa'a ba a Nijar. Wani bincike da aka gudanar ta sama da ta ƙasa a yankin Termit da Tin Tumma a 2016 ya ga guda uku ne kawai.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne, nasara na zuwa ne inda aka sami masu zama a wurin shekara da shekaru. Matashin da ya zo da kwangilar wata 24 yakan shafe watannin farko yana neman izini da koyon hanya, na ƙarshe kuma yana neman aiki na gaba.

Dazuzzukan da baƙo ba ya iya shiga

Taɓarɓarewar tsaro ta ƙara fito da muhimmancin masana 'yan ƙasa.

A ranar 9 ga watan Agustan 2020, 'yan bindiga sun kashe mutane takwas a yankin raƙuman dawa na Koure, shida Faransawa ma'aikatan agaji, biyu 'yan Nijar, ɗayansu shugaban ƙungiyar masu yi wa baƙi jagora.

Rukunin gandayen W da Arli da Penjari, da ke kan iyakokin Nijar da Burkina Faso da Benin, ya zama maɓoyar masu tayar da ƙayar baya. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakuna kimanin 400 ne suka rage a duk Afirka ta Yamma, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari nasu a wannan yanki suke. A Najeriya, dajin Sambisa da sunansa ya shahara saboda Boko Haram, asalinsa gandun namun daji ne.

Jami'o'in Turai da kamfanonin inshora ba sa barin ma'aikatansu su shiga irin waɗannan wurare. Idan za a sami wani bayani daga gefen dazuzzukan, to daga wanda ke jin harshen makiyaya da mafarauta zai fito, wanda ya san hakimi da ardo. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari.

Wannan ya zo daidai da ƙorafin da masanan ƙasashe masu tasowa suka daɗe suna yi kan binciken shan ruwan tsuntsaye, inda baƙi ke zuwa su kwashi samfuri da bayanai, su koma gida su wallafa, a ambaci 'yan ƙasa a matsayin 'yan rakiya kawai. Yarjejeniyar Nagoya, da ta fara aiki a 2014, ta wajabta neman izini da raba amfani da ƙasar da aka ɗauko halitta daga cikinta. A 2022 mujallar Nature ta fito da wasu ƙa'idoji da ke neman marubuta su bayyana rawar da masanan wurin suka taka a bincikensu.

Abin da ake da shi a gida

Akwai harsashin da za a iya ɗorawa a kai. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, da ke dajin Amurum kusa da Jos a ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta shafe fiye da shekara 20 tana horar da ɗaliban digiri na biyu daga ƙasashen Afirka ta Yamma a fannin kare halittu. Daga can ne aka ƙaddamar da aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015, wanda ɗaruruwan 'yan sa kai ke aika wa bayanai ta wayar salula, ciki har da wani ayari na matasan arewa.

Akwai kuma cibiyar WASCAL mai hedkwata a Accra, wadda Jamus ke tallafawa, da ke gudanar da karatun digiri kan sauyin yanayi a jami'o'i da dama, ciki har da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar Fasaha ta Minna.

Waɗannan cibiyoyi suna samar da masu digiri. Tambayar ita ce inda za su sa ƙafa bayan sun kammala.

Wasu na ganin fita waje ba asara ba ce muddin akwai hanyar dawowa. Suna ba da misali da Iroro Tanshi, 'yar Najeriya mai binciken jemagu, wadda ta yi karatu a Birtaniya da Amurka, ta kuma gano wani nau'in jemage da aka daɗe ba a gani ba a tsaunin Afi na jihar Kuros Riba a 2016. Ta kafa ƙungiyar kare ƙananan dabbobi a gida, ta kuma sami lambar yabo ta Whitley a 2021.

Sai dai hukumomi na kokawa da cewa da yawa ba sa dawowa. A ƙarshen 2024, asusun tallafa wa manyan makarantu na Najeriya, TETFund, ya ba da sanarwar dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025, yana mai kafa hujja da tsadar kuɗin waje da kuma yadda wasu ke ƙin komowa.

Masu sukar matakin na cewa hana fita kaɗai ba zai wadatar ba, idan ba a samar da abin da zai riƙe masanin a gida ba, wato gurbin bincike mai albashi, da kuɗin shiga daji, da sauƙin nauyin koyarwa na 'yan shekaru.

Tun a tsakiyar shekarun 2000 ƙasashen Tarayyar Afirka suka yi alkawarin ware kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da suke samarwa a shekara domin bincike. Akasarinsu ba su kai ko rabin hakan ba.

Yanzu da masu ba da agaji ke mayar da hankali kan tsaro da tattalin arzikin cikin gida, da alama nauyin zai koma kan gwamnatocin nahiyar da attajiranta. Zuwa shekarar 2030 kowace ƙasa za ta bayyana yawan dajin da ta killace da kuma halin da halittunsa ke ciki. Ƙasar da ba ta da masanan da za su yi mata wannan ƙidaya, sai dai ta dogara da alƙaluman da wasu suka tattara mata daga nesa.